Ma'anar "alumni": wane ne tsohon ɗalibin jami'a, wane ne ba shi ba

Duk ranar da aka naɗa wani ɗan Katsina kwamishina ko alƙalin babbar kotu, kafin la'asar hotonsa ya cika Facebook da WhatsApp, ƙungiyar alumni ta makaranta kaza tana taya ɗanta murna. Wani lokaci makarantu uku ne za su fito a rana ɗaya, kowace tana cewa nata ne. Sau da yawa dukansu suna da gaskiya, sai dai ba gaskiya iri ɗaya ba: a ɗaya ya yi digiri, a ɗaya kwas na wata uku, a ta ukun kuma riga kawai aka sa masa ranar biki.

Kalmar daga Latin ta fito. Namiji ɗaya alumnus, mace ɗaya alumna, jam'i alumni, don haka mai cewa "ni alumni ne" ya kira kansa jam'i. Asalin ma'anarta ɗan riƙo, yaron da aka ciyar aka rena a gidan da ba a nan aka haife shi ba. Shi ya sa ake kiran makarantar alma mater, uwa mai shayarwa. Da Hausa muna cewa tsohon ɗalibi, kuma fassarar ta yi, amma ta fi kalmar asali faɗi. Wanda aka kora a aji biyu ma tsohon ɗalibi ne a bakin Bahaushe. A wasu jami'o'in Amurka wanda ya yi zango ɗaya ko biyu ya tafi yana shiga lissafi, shi ya sa za ka ga sunan wanda bai gama ba a jerin fitattunsu. A Najeriya abin da aka saba shi ne sai wanda majalisar malaman jami'a ta amince da sakamakonsa na ƙarshe, aka ba shi digiri, difloma ko satifiket da sunan jami'ar. Bikin yaye ɗalibai shaida ce ta jama'a kawai. Wanda bai halarta ba don ba shi da kuɗin hayar riga, matsayinsa bai ragu da komai ba.

Mu Katsinawa mun riga jami'o'in ƙasar nan sanin wannan al'ada, da sunan "ol-bois". Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, a 1949 zuwa Zariya, a 1971 ta zama Kwalejin Barewa. Ginin ƙasar da aka bari a cikin birni shi ne gidan tarihi na yanzu, azuzuwan suna nan mutum na iya shiga. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa tana lissafa duk waɗanda suka bi ta wannan layin, kuma ba ta yi kuskure ba, don makaranta ɗaya ce ta canza gari da suna. Amma mai rubuta cewa Sardauna ya yi karatu a Barewa ta Zariya ya yi kuskure: a Katsina ya zauna a aji, kuma a lokacin ba a san sunan Barewa ba. Shehu Shagari da Aminu Kano a Kaduna suka same ta, Yakubu Gowon da Murtala Muhammad a Zariya.

Wannan canjin suna shi ne tushen rabin rikicin jerin fitattun ɗalibai. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a watan Oktoba 1962. Masu zanen nan da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya ne reshen Zariya, wadda daga baya aka narkar da ita cikin ABU. Sashen zane na ABU da ke Samaru magajinsu ne kai tsaye, kuma yana da hurumin alfahari da su, amma lokacin da suka kafa ƙungiyar babu jami'ar. Haka Kano: Kwalejin Abdullahi Bayero reshen ABU ce kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, saboda haka dattijon da ya zauna a aji a Kano a farkon shekarun 1970 takardar ABU ce a akwatinsa, ko da Jami'ar Bayero (BUK) na kiransa ɗanta. Waɗanda suka gama Ibadan tsakanin 1948 da 1962 kuwa digirin Jami'ar Landan suka karɓa. Har yau abin bai ƙare ba. Malamin firamare da ya yi digiri a kwalejin ilimi mai alaƙa da wata jami'a, ƙila bai taɓa kwana a harabar jami'ar ba, amma hatiminta ne a takardarsa. Nan gida ma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sunan Jami'ar Jihar Katsina aka kafa ta a 2006, sai a 2009 ta karɓi sunanta na yanzu.

Inda aka fi cuɗa al'amari shi ne digirin girmamawa. A 1988 ABU ta ba Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, digirin girmamawa, tun daga nan ake ce masa Dokta. Ya cancanta, kuma jami'ar ta ƙara wa kanta daraja da ta gane abin da talakawa suka daɗe da ganewa. Amma Shata bai yi rajista a Samaru ba, bai zauna jarrabawa ba. A gonaki da kasuwanni da gaban makaɗan kalangu ya ƙware. Sanya shi cikin jerin waɗanda jami'a ta yaye rage masa girma ne, domin yana nuna kamar wani ne ya koya masa. Wurinsa jerin waɗanda aka karrama, kuma jami'o'in da suka san aikinsu suna raba jerin biyu. Saboda yadda aka mai da wannan digiri hanyar neman gindin zama wajen masu mulki, shugabannin jami'o'in Najeriya suka yi yarjejeniya a Keffi a 2012 cewa a daina ba wanda ke riƙe da muƙamin siyasa har sai ya sauka. Ba kowace jami'a ta bi ba.

A fagen shari'a kalmar tana da nauyi fiye da ko'ina, domin lauya makarantu biyu yake da su. Digirin shari'a, wato LL.B, shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB, daga nan sai shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962, mai hedikwata a Bwari da reshe a Bagauda ta Kano da wasu wurare. Sai ya ci jarrabawarta sannan a rantsar da shi, a rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli. Wanda ya tsaya a LL.B cikakken tsohon ɗalibin tsangayar shari'a ne, amma ba lauya ba ne, kuma ba zai tsaya wa kowa a kotu ba. Shi ya sa lauyoyi in sun haɗu ba sa tambayar shekarar gama jami'a, sai shekarar rantsarwa, don da ita ake sanin babba da ƙarami, har da wanda za a fara kiran shari'arsa. Tsangayar shari'a ta ABU da ke harabar Kongo a Zariya ta fitar da manyan alƙalan ƙasa irin su Mahmud Mohammed, wanda ya riƙe Kotun Ƙoli daga 2014 zuwa 2016, da Ibrahim Tanko Muhammad daga 2019 zuwa 2022, da Zainab Bulkachuwa, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ibrahim Shehu Shema, gwamnan Katsina daga 2007 zuwa 2015, shi ma a can ya karanta shari'a. Amma 'yan sahun farko na Katsina ba ta Kongo suka bi ba. Mai Shari'a Mohammed Bello, ɗan Arewa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, daga 1987 zuwa 1995, da Galadiman Katsina Mamman Nasir, a Lincoln's Inn ta Landan suka zama lauyoyi. Wanda ya ga sunan babban alƙali ɗan Arewa ya ɗauka kai tsaye ɗan ABU ne, sai ya duba shekarun.

A siyasa abin lura shi ne mataki. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi digirin farko a ABU daga 1972 zuwa 1975 a fannin ilimi da kimiyyar sinadarai, ya koma ya yi na biyu a 1978. Shi ne zaɓaɓɓen shugaban ƙasa mai cikakken iko na farko da ya hau mulki da digirin jami'a. Atiku Abubakar difloma a shari'a ya yi a Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, ya gama a 1969. Dukansu 'yan ABU ne, amma jerin da ya jera su ba tare da faɗin abin da kowa ya karanta ba ya ɓoye rabin labarin. Dokta Yusufu Bala Usman digirinsa na farko a Lankasta ta Ingila ya yi, na uku a ABU a kan tarihin Katsina, a can kuma ya koyar har rasuwarsa a 2005, don haka shi ɗalibi ne kuma malami. Malamin da ya koyar shekara talatin amma bai karɓi takarda ko ɗaya daga jami'ar ba ma'aikaci ne, ba alumnus ba. Muhammadu Buhari na Daura kuwa tsohon ɗalibin sakandaren lardi ta Katsina ne, wadda yanzu ake kira Kwalejin Gwamnati, daga nan sai makarantun soja. Tsarin mulkin 1999 bai ce sai da digiri ba: shaidar sakandare ko makamanciyarta ya nema ga shugaban ƙasa da gwamna. Abin da ya haramta shi ne gabatar da takardar jabu. A 1999 Salisu Buhari ya sauka daga kujerar kakakin majalisar wakilai bayan an gano bai yi Jami'ar Toronto da ya ce ya yi ba, har sunan garin ya zama laƙabin takardar bogi a bakin 'yan Najeriya.

A harkar fim da waƙa jerin bai cika faɗin abin da mutane ke zato ba. Ali Nuhu labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, ba wasan kwaikwayo ba. Jami'ar tana da haƙƙin kiransa ɗanta, amma a wurin ɗaukar fim ya koyi sana'arsa. Uban da ke zaɓa wa 'yarsa sashe saboda wani tauraro ya fito daga jami'ar, ya fara tambayar abin da tauraron ya karanta.

Tantance iƙirari ba shi da wuya ga mai son yi. Abu huɗu ake nema: sunan da mutum ya yi rajista da shi, lambar rajistarsa, sashe da matakin karatu, da shekarar gamawa. Da waɗannan ake rubuta wa ofishin magatakardan jami'a, sashen jarrabawa da adana bayanai, a biya kuɗin tantancewa, su amsa a rubuce. Takardar sakamako ta wucin gadi da ake ba ɗalibi in ya gama ba ita ce satifiket ba, kuma ta fi sauƙin ƙirƙira. Wadda ta fi ƙarfi ita ce takardar jerin darussa da maki, domin jami'a ce ke aika ta kai tsaye zuwa ga mai nema, ba ta bi ta hannun ɗalibin. Littafin bikin yaye ɗalibai na shekarar yana taimakawa, haka ma shaidar bautar ƙasa ga wanda ya gama daga 1973 zuwa yau, ko takardar ɗauke masa ita in ya haura shekara 30 lokacin gamawa.

Abubuwan da ke ɓata bincike sanannu ne. Mace ta yi karatu da sunan mahaifinta, ta yi suna da na mijinta, a nema a rasa. Namiji ya yi rajista a matsayin Sani Abdullahi, duniya ta san shi da Sani da sunan garinsu, kuma a shekarar akwai masu irin sunan biyar. Yajin aikin malamai yana sa zangon karatu na 2019/2020 ya ƙare a 2021, sai a ga shekara biyu daban a takardu biyu, dukansu na gaskiya. Akwai kuma wanda abokansa duka suka gama, shi darasi ɗaya ya riƙe shi, ya ɗauki hoto da rigar aro tare da su, bai koma ya gyara ba. 'Yan ajinsa za su rantse ya gama, kundin jami'a ya ce a'a. Takardun ƙasashen waje sai an kai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta auna su, kuma a watan Janairu 2024 gwamnati ta dakatar da karɓar na Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna ya samu digiri daga Kwatano cikin makonni shida.

Ita ƙungiyar alumni daban take da matsayin alumni. Ƙungiya tana da tsarin mulkinta da kuɗin shiga da rassa, wasu ma suna ba wanda bai yi makarantar ba matsayin memba na girmamawa. Wanda ya gama amma bai taɓa biyan ƙungiya ko sisi ba, shi ma ɗan jami'ar ne, sai dai ba shi da ƙuri'a ranar zaɓen shugabanni. Kuma abin ya wuce cin abincin dare da raba kalanda: a jami'o'in tarayya taron waɗanda aka yaye yana da kujera a majalisar gudanarwa, inda ake zaɓen shugaban jami'a da amincewa da kasafin kuɗi.

Jami'o'in jiharmu yara ne. Al-Qalam ta fara a 2005, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, ta Tarayya da ke Dutsin-Ma a 2011, ta Sufuri da ke Daura kuwa ko ɗalibanta na farko ba su daɗe da shiga aji ba. Kundin tsarin mulki ya ce sai lauya ya yi shekara 10 kafin ya zama alƙalin babbar kotu, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli, don haka kada a yi mamaki in jerinsu bai kai na Kongo tsawo ba tukuna. Aikin da ke gabansu yanzu na rajista ne: kowane sashe ya riƙe sunan ɗalibi kamar yadda yake a takarda, da lambarsa, da shekarar da majalisar malamai ta amince da sakamakonsa, da lambar waya ta biyu ta wani ɗan'uwa, domin layin da ɗalibi ya rubuta a fom ɗin sallama yakan mutu kafin ya gama bautar ƙasa.