Idan bugun zuciya ya rikice: ƙwaya ko aiki?

'Yan'uwa mazauna Agege, Mile 12 da Idi-Araba, duk wanda zuciyarsa ke dakan uku-uku ba dalili, ga haki daga ɗan hawa bene, kada ya ce gajiyar kasuwa ce kawai. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, na minti ɗaya. Idan bugun na zuwa a hargitse, nan sauri nan tsallake, ka je a yi maka gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya. Mai yiwuwa ciwon da likitoci ke rubutawa AF ke nan: ɗakunan sama na zuciya suna karkarwa maimakon su matsa jini. A wajenmu hawan jini ne ya fi jawo shi, sai lalacewar ƙofofin zuciya.

Yawanci da ƙwaya ake farawa. Bisoprolol ko digoxin suna rage gudun bugun, amiodarone kuma yana ƙoƙarin maido da shi kan tsari, sai dai in an daɗe a kansa yakan taɓa huhu da ƙullin thyroid da ke maƙoshi, dole a riƙa duba jini.

Aikin kuwa ba a buɗe ƙirji. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a ƙone ko a daskarar da bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu, domin likitocin birnin Bodo na Faransa sun nuna a 1998 cewa daga nan rikicin ke yawan tasowa. Babban binciken CABANA na 2019 ya gano ciwon ya fi jinkirin dawowa ga waɗanda aka yi wa aiki, kuma sun fi jin daɗin jikinsu, amma bai tabbatar aikin ya fi ƙwaya hana mutuwa ko shanyewar ɓarin jiki ba. Masu raunin zuciya su ne suka fi cin moriyarsa. Akwai tsada, wani kuma sai an maimaita masa.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin tsinka jini. Jinin da ya kwanta a zuciya yakan yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mai AF ya kai kusan ninki biyar. Warfarin ko apixaban ne ke tare wannan, kuma ko an yi aikin lafiya, likita ne kaɗai zai ce a daina. Sau da yawa Alhaji kan ji sauƙi, kwalin ya ƙare, ya ce sai ya dawo daga Kano. A'a, Alhaji.

Mai shan warfarin ya riƙa zuwa gwajin INR mai auna tsinkewar jini, ya guji diclofenac da ibuprofen na kemis, ya kuma faɗa wa likita duk wani jiƙo da yake sha. Asibitocin koyarwa na Legas, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, suna da likitocin zuciya. Idan baki ya karkace ko hannu ya saki, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.