Damuwar ƙananan yara a cikin tatsuniya

Damuwar ƙananan yara a cikin tatsuniya ana nufin yadda labaran da ake ba yara suke nuna tsoro, kishi, fushi da kewa irin na ɗan shekara 3 zuwa 6, wato shekarun da a Damagaram ake kai yaro jardan (makarantar ƙananan yara) kafin ya shiga lakwal (firamare), ko kuma ya fara bin yayyensa makarantar allo. A wasu wurare a Nijar ana ce wa tatsuniya gatana, daga "ga ta nan ga ta nanku" da ake buɗe ta da shi.

Tarihi

Tatsuniya a baki take, kaka ko gwaggo ke yin ta da dare a tsakar gida, don haka ba ta da shekarar farawa. Cikin waɗanda aka fara rubuta labaransu akwai Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram daga wajen Kance, da ake jin an haife shi wajen 1840. An kama shi bawa tun yana yaro, daga baya ya yi tafiya da Bature Barth har Ingila, can ne wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya rubuta abin da ya faɗa masa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Wani Bature, Frank Edgar, ma ya tara tatsuniyoyi da yawa, aka buga su tsakanin 1911 da 1913.

Kishi da rashin gata

Nan ne tatsuniya ta fi zurfi. Yaron da aka yaye aka kai shi gidan kaka, ya dawo ya tarar wani jariri ya hau bayan uwarsa, ba shi da bakin faɗin abin da ke cinsa, sai rigima da fitsarin kwance da ƙin cin tuwo, manya su ce shagwaɓa ce kawai. To labarin 'yar mowa da 'yar bora shi ke faɗin abin da ke ransa. 'Yar bora ita ke wanke-wanke, ita ake ba ƙanzo, ita ake aika rafi mai nisa ita kaɗai, kuma ƙarshe ita ke dawowa da arziki saboda ladabinta. In ka lura da yara lokacin da ake wannan, kowanne ɗauka yake shi ne 'yar bora, har wanda ake ji da shi a gidan.

Ɗan Auta

A wannan tatsuniyar, iyaye suka bar wasiyya kada a bar Auta ya yi kuka, shi kuma duk ɓarnar da ya ga dama sai ya yi, har ƙona rumbu, in an hana shi ya buɗe baki. Wasu na ganin gargaɗi ne ga masu sangarta yaro, wasu na ganin jarumta ce tunda shi ya kashe Dodo.

Tsoro

Dodo, kura da duhu. Mai ba da labari takan sa waƙa a tsakiya yara su amsa, masu tsoro su matso jikinta, sai an ce "ƙurunƙus" sannan su saki zanenta.

A yau

Kukan ranar farko a jardan, yaro ya riƙe ƙafar uwarsa a bakin ƙofa madam na lallashi, bai cika fitowa a tatsuniya ba, an fi samunsa a littattafan hoto na Faransanci da katun na waya.