Bushewar Baki da Ƙarancin Yawu

Bushewar baki ita ce jin da mutum yake yi cewa bakinsa ya ƙafe. Ƙarancin yawu kuwa abu ne da ake aunawa. Ba kullum suke tafiya tare ba: wani yana kukan bushewa alhali yawunsa bai ragu ba, wani kuma yawun ya ragu ƙwarai bai sani ba sai haƙora sun fara ruɓewa.

Lafiyayyen mutum yana samar da yawu rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Mafi yawansa daga maɓuɓɓuga shida yake fitowa: biyu a gaban kunnuwa, waɗanda ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu a ƙarƙashin harshe.

Abin da ya fi jawo matsalar shi ne magunguna, musamman na mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, na damuwa, da na hawan jini masu sa yawan fitsari. Akwai kuma ciwon suga, cutar Shogiren (wadda garkuwar jiki ke kai wa maɓuɓɓugan yawu da na hawaye hari), ƙanjamau, da gashin da ake yi wa cutar daji da hasken na'ura a kai ko wuya.

Tantancewa da tambaya take farawa. Likita kan ce: "Baba, in za ka ci ƙuli-ƙuli, sai ka kora da ruwa?" Ko kuma: "Ƙishi na tashe ka da dare?" Daga nan sai ya duba baki. Madubin likitan haƙori ya manne a kumatu, yawu ya yi kumfa, harshe ya tsattsage, haƙora su ruɓe daga gindi, duk alamu ne. Awon yawun ba ya buƙatar tsada: majinyaci ya zauna shiru yana tara yawu a ƙaramin kofi. Mililita 0.3 zuwa 0.4 a minti ɗaya daidai ne, amma 0.1 ko ƙasa da haka ƙaranci ne. Ana so kafin awon ya yi aƙalla awa ɗaya bai ci abinci, goro ko cingam ba.

A Bauchi da Gombe iskar hunturu, zafin Afrilu da azumi kan busar da bakin kowa, shi ya sa dattijo mai shan magani uku ko huɗu yake ɗora laifin a kan yanayi. Bushewar da ta ƙi wucewa bayan an sha ruwa ita ce ta kai wa sashen haƙori, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, tare da kwalayen duk magungunan da ake sha.