Kwalbar allura ma wani ɓangare ce na magani

Wannan jan hankali ne ga 'yan uwa ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozoma da masu shagon magani. Duk kwalbar allurar da ke kan tirenku ta sha gwaji kafin ta iso: masana gilashi sun gwada jikinta, masu harhaɗa magani kuma sun gwada yadda maganin zai zauna a cikinta har ranar da wa'adinsa zai ƙare. Ragowar aikin yana hannun wanda zai karya ta ya zuƙo, kuma a nan aka fi yin ɓarna.

Gilashin taga da na kwalbar lemo da yashi da soda da farar ƙasa ake yin sa. Idan ruwa ya daɗe a cikinsa, yakan tsotso sodiyam daga jikin gilashin, sai ruwan ya karkata ya zama kanwa-kanwa, maganin da ba ya son haka ya fara lalacewa. Shi ya sa yawancin allurai ake zuba su a gilashin borosiliket, irin wanda Otto Schott ya samar a garin Jena na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, wanda aka sa wa sinadarin boron. Gwajinsa shi ne a cika kwalabe da tsarkakken ruwa, a turara su a zafin digiri 121 na awa ɗaya, sannan a auna yawan kanwar da ta fito. Wanda ya haura ƙa'ida ba ya shiga sahun farko.

A masana'anta, dogon bututun gilashi ne inji ke juyawa a gaban harsunan wuta, ya yanka, ya fitar da wuya da gindi. Daga nan sai tanda mai zafin da ya haura digiri 500, inda ake barin kwalaben su huce a hankali don kada su riƙe tsagewar ɓoye. Idan wutar da aka yi gindin da ita ta yi yawa, boron da sodiyam sukan tashi daga fuskar gilashin ta ciki, wurin ya yi rauni. Bayan watanni, maganin da ke ciki ya ci wurin, ɓawon gilashi siriri ya ɓanɓaro yana yawo. Wannan matsala ta sa an janye magunguna da dama a Amurka a 2010 da 2011, har FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta gargaɗi kamfanoni. Saboda haka kafin a buɗe kowace kwalba, a ɗaga ta ga haske a juya ta a hankali. In an ga wani abu yana ƙyalli ko yana iyo, ko ruwan ya gurɓace, a ajiye ta gefe.

Yanzu maganar karya ampul, wato 'yar kwalbar nan mai dogon wuya. A duba wuyanta. Wata tana da zobe mai launi da ya zagaye wuyan, wannan ta kowane gefe tana karyewa. Wata kuma ɗigo ɗaya gare ta, kuma a ƙarƙashin ɗigon ne inji ya yi 'yar tsaga. Mai ɗigo, a sa ɗigon ya fuskanci mai karyawa, a ɗora babban yatsa a kansa, a tura kan kwalbar baya. Wanda ya karya ta daga gefe yana yaƙi ne da gilashin da ba a tsaga ba, sai wuyan ya farfashe, yatsa ya yanke, garin gilashi ya zuba cikin magani. Kafin karyawa a ƙwanƙwasa kan da farce don maganin da ya maƙale a sama ya sauko, a goge wuyan da sifirit a bar shi ya bushe, a naɗe shi da bandeji mai tsabta. Dukan wuyan da almakashi ko da gefen wata kwalbar, al'adar da ta yi yawa a wurarenmu, ganganci ne tsantsa.

Ko an karya daidai, ɓurɓushin da ido ba ya gani yakan faɗa ciki, kuma idan ya bi jijiya yana iya kumbura ta. Inda ake da allura mai matata, wadda ke tare duk abin da girmansa ya kai maikiron 5 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da ita ake zuƙowa, sannan a cire ta a sa sabuwa kafin a yi wa majiyyaci. In ba a sauya ba, abin da ta tace shi za a tura masa. Inda babu, a ajiye kwalbar a tsaye na ɗan lokaci ɓurɓushin ya kwanta, a zuƙo da siririyar allura ba tare da an kankari gindi ba.

Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani tana nuna dalilin da ya sa wasu magunguna ke zuwa a gari. Maganin ba ya jure zama cikin ruwa, shi ya sa kwalin ke ɗauke da garin miligiram 60 daban, ruwan bikabonet mililita 1 daban. Bikabonet ɗin ake fara zubawa, a girgiza har garin ya narke ruwan ya washe tas. Bayan haka ne ake ƙara ruwan gishiri na asibiti, wato nomal salin: mililita 5 idan ta jijiya ce, kowace mililita ta ɗauki miligiram 10, ko mililita 2 idan ta tsoka ce, kowace mililita ta ɗauki miligiram 20. Wanda ya fara da ruwan gishiri zai ga garin ya ƙi narkewa. In ruwan ya ƙi washewa a zubar, kuma abin da aka haɗa kada ya wuce awa ɗaya. Ajiye ragowa don allurar awa 12 mai zuwa ba tattali ba ne.

Sai zafi da haske. Wa'adin da ke jikin kwali ya dogara ne da gwajin ajiya, wanda ga ƙasashe masu zafi ake yi a digiri 30. A watan Afrilu kuwa Sakkwato da Maiduguri sukan haura 40, balle cikin shago mai rufin kwano. Okzitosin da ungozoma ke dogaro da shi wajen tsayar da jini bayan haihuwa, wurinsa firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma in ya rasa ƙarfi kamanninsa ba sa sauyawa. Egometirin, wanda shi ma maganin tsayar da jini bayan haihuwa ne, shi haske ke kashe shi, don haka a bar shi cikin kwalinsa, in launinsa ya bambanta da na ruwa a ware shi. Kwalba mai ruwan ƙasa ma don tare haske aka yi ta, kada a juye abin da ke ciki a wata fara.

Kwalbar da aka ware saboda ƙyalli ko sauyin launi, a adana ta da kwalinta, a rubuta lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi, a dakatar da sauran na rukunin, a sanar da jami'in magunguna na ƙaramar hukuma ko hukumar NAFDAC.