Kiwon Farfaɗo da Ƙasa

Kiwon farfaɗo da ƙasa tsari ne da ake raba filin kiwo gida-gida da shinge, a tara dabbobi a yanki guda na ɗan lokaci, sannan a kora su gaba, a bar wurin ya huta har ciyawarsa ta sake tofowa. Babbar manufarsa ita ce ƙara yawan sinadarin kabon da ƙasa ke riƙewa, wanda idan ya yi yawa a iska yake ɗumama duniya.

Tarihi

Galibi ana danganta tushen tsarin da André Voisin, manomi kuma masanin kimiyya daga yankin Nomandi na Faransa, wanda ya wallafa littafi kan ciyawar kiwo a 1957. Ya nuna cewa abin da ke kashe ciyawa shi ne dabba ta sake cinye tsiron tun bai farfaɗo ba, don haka tsawon hutu ya fi yawan dabbobi muhimmanci. Allan Savory, wanda aka haifa a 1935 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, ya ɗora a kan wannan fahimta tun wajajen shekarun 1960, yana kafa hujja da garkunan namun daji da ke cunkushewa saboda tsoron dabbobin da ke farautarsu, su yi kiwo su wuce. A taron sauyin yanayi na Paris a 2015, Faransa ta ƙaddamar da shirin ƙara kabon na ƙasa da kashi 4 cikin 1,000 kowace shekara.

Yadda kabon ke shiga ƙasa

Ciyawa na zuƙo kabon daga iska, ta tura wani kaso zuwa saiwoyi, inda ƙananan halittu ke ci su mayar da shi ruɓaɓɓen abu mai daɗewa. Kashin dabbobi da ciyawar da kofato ya tattake su ma suna ruɓewa su ƙaru a kai. A gonar da aka haɗa dabbobi iri-iri, shanu na cin doguwar ciyawa, tumaki su bi gajera, awaki su ɗauki ganyen ƙaya, kaji kuma su tone kashi suna tsince tsutsar ƙuda.

Saɓani

Ƙasa na ƙoshi da kabon bayan wasu shekaru, kuma huɗa ko fari na iya sakinsa. Masana da dama na ganin kabon da ake tarawa a ƙasa bai kai ya rama iskar metan mai ɗumama duniya da shanu ke fitarwa ba.