Haikalan Jain da tafkunan kudancin Rajasthan: tambayoyi da amsoshi

Idan aka ambaci Indiya, hankalin yawancin Hausawa yakan tafi ne ga Taj Mahal ko biranen Delhi da Mumbai ko kuma asibitocin da ake zuwa neman magani. Amma a kudancin jihar Rajasthan, cikin duwatsun Aravalli, akwai yankin da ke kewaye da birnin Udaipur wanda ya tara haikalan mabiya addinin Jain da hasumiyoyin dutse da tafkunan da hannun ɗan Adam ya tare, kuma dubban masu yawon buɗe ido suna zuwa ganinsu kowace shekara.

Su wane ne mabiya Jain, kuma me ya sa gine-ginensu suka yawaita a wannan yanki?

Jain tsohon addini ne na Indiya wanda mabiyansa ba su da yawa, domin ƙidayar shekarar 2011 ta nuna ba su kai miliyan 4.5 ba, wato kashi 0.4 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Suna girmama manyan malamai 24 da suke kira Tirthankara, na farkonsu Adinath, na ƙarshensu kuma Mahavira, wanda ya rayu a zamanin Buddha, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Tushen aƙidarsu shi ne kada a cutar da kowane mai rai komai ƙanƙantarsa, shi ya sa ba sa cin nama, masu tsanantawa a cikinsu ma ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali, saboda tono su daga ƙasa yana hallaka ƙananan halittu.

Masana tarihi da dama na ganin wannan aƙida ce ta nesanta su daga yaƙi da noma, ta karkata su ga fatauci da ba da rance da riƙon baitulmalin sarakuna. A yammacin Indiya sun zama manyan attajirai da wazirai, kuma sarakunan Rajput, wato jinsin mayaƙan da suka mulki Rajasthan, duk da cewa mabiya Hindu ne, sun dogara da su ƙwarai. An san labarin Bhamashah, wazirin Maharana Pratap, sarkin masarautar Mewar da Udaipur ke cikinta, wanda ya miƙa wa sarkin dukiyarsa bayan yaƙin Haldighati na 1576 domin ya sake haɗa runduna. Kamar yadda attajiri a ƙasar Hausa yakan gina masallaci da dukiyarsa don neman lada, haka waɗannan 'yan kasuwa suka zuba arzikinsu wajen gina wuraren ibada.

Mene ne ya sa ake yawan ambaton haikalin Ranakpur?

Ranakpur yana cikin wani kwari mai kurmi a gundumar Pali, kimanin kilomita 90 daga Udaipur. Wani attajiri mai suna Dharna Shah ne ya soma gina shi a ƙarni na 15 da izinin Rana Kumbha, sarkin Mewar, an kuma kwashe shekaru da dama kafin a kammala. Haikalin na Adinath ne, kuma mutum-mutumin da ke tsakiyarsa yana da fuskoki huɗu da ke duban gabas da yamma da kudu da arewa, saboda haka ginin ma ƙofofi huɗu gare shi.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne ginshiƙai 1,444 na farin dutsen marmara da ke ɗauke da ƙubbobinsa, waɗanda ake cewa babu biyu daga cikinsu da suka zo da sassaƙa iri ɗaya. Amma a ganina hikimar maginan ta fi fitowa a yadda suka bar farfajiyoyi buɗe a tsakanin zaurukan, ta yadda iska da haske suke ratsa ginin gaba ɗaya, launin dutsen kuma yana sauyawa daga fari da safe zuwa ruwan zuma idan rana ta karkata. A jikin wani bango akwai faifan dutse guda ɗaya da aka sassaƙa Parshvanath, malami na 23, yana tsaye ƙarƙashin kawunan macizai masu ɗimbin yawa, jelunansu sun sarƙe da juna har ido ya kasa gano inda ɗaya ta soma da inda ta ƙare. Mutum zai iya shafe rabin awa a gaban wannan faifai shi kaɗai.

To haikalan Dilwara fa, da me suka bambanta?

Suna kan dutsen Abu a gundumar Sirohi, kusa da iyakar jihar Gujarat, kuma guda biyar ne. Daga waje ba su da wani kwarjini, har baƙo zai iya wuce su bai waiwaya ba, duk aikin yana ciki. Na farkonsu, Vimal Vasahi, an gina shi a 1031 da dukiyar Vimal Shah, wazirin sarki Bhima na ɗaya na Gujarat. Na biyun, Luna Vasahi, wasu 'yan'uwa biyu, Vastupal da Tejpal, waɗanda su ma wazirai ne, suka gina shi a 1230 domin Neminath, malami na 22.

Idan Ranakpur ya yi fice da faɗi da yalwar haske, Dilwara ya yi fice ne da laushin sassaƙa. A rufin babban zauren Luna Vasahi akwai wani fure na marmara da ke rataye daga tsakiyar ƙubba, an kankare ganyayensa sun yi siriri har ka ɗauka saƙa ce ba dutse ba. Mutanen wurin suna ba da labarin cewa ana biyan masassaƙan ne gwargwadon nauyin ƙurar da suka kankare daga dutsen, don a kwaɗaita musu ƙara siranta aikin. Labari ne na baka, amma wanda ya ɗaga kai ya kalli rufin zai gane dalilin da ya sa aka yarda da shi. Ba a barin ɗaukar hoto a ciki, kuma ina ganin wannan doka ta amfani baƙi, domin tana tilasta musu su yi kallo da idanunsu.

Ina alaƙar tafkunan da wannan tarihi?

Rajasthan ƙasar fari ce, kusan duk ruwan shekara yana sauka ne cikin 'yan watannin damina, don haka sarkin da bai tare ruwa ba, garinsa ba zai zaunu ba. Tafkin Pichola, wanda fadar Udaipur ke bakinsa, ya girmi birnin kansa: an tare shi tun ƙarni na 14, sai a 1559 Maharana Udai Singh na biyu ya kafa birnin. A tsakiyar ruwan akwai fadar Jag Niwas da aka gina tsakanin 1743 da 1746, wadda yanzu ta zama otal. Maharana Jai Singh ya tare kogin Gomati a 1685 ya samar da tafkin Jaisamand, ɗaya daga cikin manyan tafkunan da mutum ya gina a nahiyar Asiya. Tafkin Rajsamand kuwa Maharana Raj Singh ya soma shi a 1662 lokacin fari, domin talakawa su samu aikin yi da abinci, kuma a kan tudun da ke kallon ruwan akwai haikalin Jain da wazirinsa Dayal Shah ya gina. A nan ne ake ganin abin da ya haɗa waɗannan wurare, wato sarki ya tare ruwa, ruwa ya zaunar da gari da kasuwa, kasuwa kuma ta samar da attajiran da suka gina haikalan.

Tafkin Nakki da ke dutsen Abu ƙarami ne, ana shiga kwalekwale a cikinsa, kuma a 1948 an zuba wani ɓangare na tokar gawar Mahatma Gandhi a ruwansa.

Akwai wasu gine-ginen tarihi da bai kamata a tsallake ba?

Akwai ganuwar Chittorgarh, tsohuwar hedkwatar Mewar, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2013 tare da Kumbhalgarh da wasu ganuwoyi huɗu na jihar. A cikinta hasumiyoyi biyu suke tsaye: Kirti Stambha mai tsawon mita 22, wadda wani ɗan kasuwa mabiyin Jain ya gina domin Adinath, da Vijay Stambha mai hawa tara da tsawon mita 37, wadda Rana Kumbha ya gina a 1448 don tunawa da nasarar yaƙi. Ta ɗan kasuwar ce ta riga ta sarkin.

Shin wanda ba mabiyin Jain ba zai iya shiga, kuma yaushe ya fi dacewa a je?

Ana barin kowa ya shiga, amma dole baƙo ya tuna cewa waɗannan wuraren ibada ne da ake amfani da su har yau. A Ranakpur da Dilwara safiya ta masu ibada ce, sai daga ƙarfe goma sha biyu na rana ake buɗe wa masu kallo. Ana cire takalma a ƙofa, ana ajiye duk wani abu na fata kamar bel da jaka, sannan ana bukatar suturar da ta rufe kafaɗu da gwiwoyi. Ba a shiga da abinci, ba a kuma taɓa mutum-mutumin da ke ciki.

Daga watan Oktoba zuwa Maris ne lokaci mafi daɗi, domin tafkunan suna cike bayan damina, zafi kuma ya sauka, alhali daga Afrilu zuwa Yuni yakan haura digiri 40. A shekarun da damina ta gaza ruwan Pichola yakan janye sosai, ya taɓa ƙafewa a farkon shekarun 2000 har mutane suka riƙa takawa a ƙasa zuwa fadar da ke tsakiyarsa. Jiragen sama suna zuwa Udaipur daga Delhi da Mumbai, daga can kuma ana iya zuwa Ranakpur ko Chittorgarh a mota a dawo a yini ɗaya, amma dutsen Abu ya fi nisa, gara a kwana a can.