Ku daina ɓoye yaran nan a ƙuryar ɗaki

Aikina shiga gida-gida ne a nan cikin garin Bauchi, rigakafi da awon yara. Akwai abin da nake ta cin karo da shi, yau dai sai na faɗa.

Makon jiya na shiga wani gida, na ce, "Maman yara, su nawa ne?" Ta ce uku. Ina cikin duba su sai na ga labulen ƙurya yana motsi, ga 'yan yatsu riƙe da gefensa. Yarinya ce, za ta kai shekara tara. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, ta warke amma ba ta ji. Tun daga nan ba boko, ba allo, ko gidan suna ba a zuwa da ita. Na ce, "Haba baiwar Allah, ita wannan ba taki ba ce?" Ta sunkuyar da kai, wai babansu ba ya son a riƙa nuna ta.

Na san ba ƙi ba ne. Tsoron bakin mutane ne, da gudun kada yara su tsokane ta. Amma iyayena, ɗaki ba ya koya wa yaro komai! Kurma sai cikin mutane yake koyon maganar hannu. Yaron da shan inna ya taɓa wa ƙafa, in yana fita, sa'o'insa ne za su riƙa rige-rigen tura masa keke zuwa makaranta. A aike shi sayen magi ya koyi ƙirga canji, ya san gaisuwa, ya san faɗa da shiri. In kuka ajiye shi kan tabarma, gaɓoɓi su sandare, gyambo ya fito, sannan ku ɗauko mana shi asibiti kuna cewa jikin ya ƙi. Ina zai yarda?

Masu farfaɗiya kuwa abin har haushi yake ba ni. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta kwano. Akwai magani. Yaro ya faɗi sau ɗaya a aji, shi ke nan an cire shi har abada.

Kun san Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma shi yake kiran sallah a Madina tare da Bilalu, har Manzon Allah (SAW) ya sha bar masa gari in zai fita. Ba a ƙurya aka ajiye shi ba.

Wasu kuma fitar da suka sani kawai ita ce a kai yaro bakin kasuwar Wunti ko Muda Lawal da kwano. Wannan ba shiga mutane ba ne. Dokar kare masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana a yi bara da su, kuma tun 2004 doka ta ce firamare da ƙaramar sakandare dole ne ga kowane yaro. Ba ta ce ban da gurgu ba.

Abin yi ba shi da yawa:
- A rubuta sunansa a makarantar unguwa. Kurame da makafi, a je makarantarsu ta Yelwa a tambaya.
- A gaya wa malami ya zaunar da shi gaba.
- Islamiyya, biki, filin ƙwallo, a tafi da shi.
- Wanda ya tsokane shi, a kai ƙara wurin iyayensa ko mai unguwa.

Ku ma maƙwabta ba ku fita ba. Kallon nan da kuke bin uwa da shi, da "Allah sarki" ɗin da ba ya ƙarewa, su ne suke mayar da ita gida ta ja labule.

Gidan can zan koma ranar Laraba da yamma. Babansu nake son gani.